Yaushe Likitan Zai Dawo?

Wata biyu da tafiyar baƙin da suka zo daga Amurka aikin bishara da ba da magani, ina zaune a bakin tagar da nake ba da magani, sai ga tsohuwar nan ta shigo tana dogara sanda. Na gane ta tun daga ƙofa, domin ni na yi mata tafinta ranar da aka duba ta a ƙauyensu da ke bayan Giwa. Bayan mun gaisa ta kwance bakin zaninta, ta fito da wata 'yar leda da ta ninke kamar laya, ta miƙo mini. Babu ko ƙwaya ɗaya a ciki, sai rubutun Turanci da ya fara gogewa.

Ta ce, "Ɗana, yaushe likitan zai dawo? Maganin ya ƙare tun watan jiya, kan kuma ya koma sara."

Na ce, "Inna, zauna tukuna mu auna."

Da na ga abin da na'urar ta nuna sai gabana ya faɗi. Ta sayar da kaza ta yi kuɗin mota, ta zo neman mutumin da a lokacin yake can ƙetaren teku, wanda ko sunan ƙauyensu ban tabbata ya riƙe ba.

Ni haifaffen Wusasa ne da ke Zariya, Kirista, a cikin ikilisiya na tashi. Abin da zan faɗa a nan maganar cikin gida ce, kuma ba na so wani ya ɗauke ta ya yi makami da ita. Baƙin nan su goma sha huɗu ne daga wata ikilisiya a Amurka, kwana goma suka yi. Da kuɗinsu suka zo, wasu hutunsu na shekara suka sadaukar. Na ga wata ma'aikaciyar jinya a cikinsu ta durƙusa tana wanke gyambon wani yaro wanda mu 'yan gida muke kau da kai saboda wari. Na ga wani tela da ya ajiye keke shekara biyu don ba ya ganin kafar allura, aka sa masa tabarau, ya ɗaga zare ya zura, hawaye na zubo masa. Ban taɓa shakkar niyyarsu ba, har yau. Amma niyya ba ta sauke jinin Inna ba. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a warke. Ciwo ne na zama, magani kullum, awo wata-wata. An ba ta na kwana talatin, ba a bar mata kati ba, ba a haɗa ta da wani asibiti ba, bayanan da aka rubuta a kanta sun hau jirgi cikin kwamfutar baƙi. An gaya mata tana da ciwo mai kisa, an ɗanɗana mata sauƙi, an tafi. Haka aka yi wa masu ciwon suga da dama a wannan makon, da bakina kuwa aka gaya musu.

Ra'ayina shi ne: aikin bishara na 'yan kwanaki, yadda aka fi yin sa yanzu, an ɗinka shi ne daidai jikin mai zuwa, ba jikin wanda aka zo dominsa ba. Tsawon kwanakin, hutun baƙo ne ya yanka shi. Irin aikin, abin da baƙo zai iya gamawa ya ɗauki hoto kafin ranar jirgi ne. Duk abin da ya biyo baya kuma, mai kyau da marar kyau, a kan ɗan gari yake sauka.

Wannan salon bai daɗe ba. Ya bunƙasa ne bayan da hawa jirgin sama ya yi araha, da ƙungiyoyi irin su Operation Mobilisation, wadda ta samo tushe daga tafiyar wasu ɗalibai zuwa Meziko a 1957, da Youth With A Mission da aka kafa a 1960. Yau abin ya zama al'ada a ikilisiyoyin Amurka, har wani masanin zamantakewa na jami'ar Princeton, Robert Wuthnow, ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.6 ne ke irin wannan fita duk shekara daga ƙasar. A lissafa kuɗin tikiti da biza da masauki da abinci na wannan taro. Bayan mahaukaciyar guguwar Mitch ta ragargaza Honduras a 1998, wani malami mai suna Kurt Ver Beek ya bi diddigin gidajen da aka sake ginawa. Ya tarar gidan da ayarin baƙi suka zo suka gina ya lashe kimanin dala 30,000 idan aka haɗa da kuɗin tafiyarsu, alhali ƙungiyar 'yan ƙasa tana gina irinsa da kimanin dala 2,000. Gida goma sha biyar ke nan aka narkar a gida ɗaya. Ga kuma birkilan garin yana zaune ba aiki, yana kallon ɗaliban da ba su taɓa riƙe cokalin gini ba suna jera bulo a karkace. Mu ma a nan an taɓa yi wa wani aji fenti sau biyu cikin shekara uku, rufinsa kuwa na yoyo tun kafin fentin farko.

Asarar kuɗi mai sauƙi ce a kan abin da ke faruwa idan ƙwazo ya haɗu da rashin sani. Bayan girgizar ƙasar Haiti a watan Janairun 2010, an kama Amurkawa 10 'yan wata tafiyar ikilisiya suna ƙoƙarin tsallaka iyaka zuwa Jamhuriyar Dominika da yara 33 ba tare da takardu ba. Sun ce marayu suke ceto. Da aka bincika, da yawa daga cikin yaran iyayensu na raye. A Jinja ta ƙasar Yuganda kuma, wata budurwa Ba'amurkiya da ta fara zuwa ƙasar a irin wannan gajeriyar tafiya ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa, ba ta da horon likita ko na jinya. Yara 105 suka mutu a wurin cikin 'yan shekaru. Iyaye mata biyu suka kai ƙara a 2019, aka sasanta a 2020 ba tare da ta amsa laifi ba. Na san za a ce yaran da ma a bakin mutuwa aka kawo su. To amma a tambayi kai: a garinsu, wa zai bar wanda bai yi karatun likita ba ya kusanci jaririn da ke kwance rai a hannun Allah? Abin da ba za a yarda da shi a can ba, me ya halatta shi a kan ɗan talakan Afirka? A ƙasar nan akwai hukumar da ke yi wa likitoci rajista, kuma doka ta ce likitan waje ma sai ya sami izininta kafin ya taɓa majinyaci. Sau nawa mu masu masauki muke neman ganin wannan takarda kafin mu shimfiɗa tabarma?

Abin da ya sa maganar take ci mini rai shi ne, mu a Wusasa mun san wani irin aikin mishan dabam, a cikinsa muka buɗe ido. Dakta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta Anglican mai suna CMS, kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ta Libiya ya zauna cikin Hausawan can yana koyon harshe. Yana cikin ayarin Bishop Tugwell da suka isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su, suka koma Girku, garin da Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku na farko na wata ƙungiyar mishan mai suna SIM, ya rasu a 1894. Miller bai koma gida ya ba da labari ya huta ba. Ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, yana magani yana koyarwa, har aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Shi ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da ta fito a 1932. A ƙasar nan ya tsufa, a nan ya rasu a 1952. Ba waliyyi nake mayar da shi ba. Mutum ne mai zafin kai, tsakaninsa da sarakuna ba daɗi, kuma a inuwar mulkin mallaka ya yi aikinsa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma in ya yi kuskure, yana nan washegari a tare shi a gaya masa, da Hausa, ya kuma ji. Abin da zaman ya haifar yana nan ana gani: asibitin St. Luke, da tsohuwar majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa irin ginin Hausa, da makarantar da ta fitar da Dakta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya shukawa a girbe cikin kwana goma. Kakata takan ce baƙo raɓa ne. Raɓa tana da daɗi da safe, amma ba a yin shuka da ita.

Na sha jin amsar da ake bayarwa, kuma ba amsar banza ba ce. Ana cewa zuwa da kai ya fi aike, gani kuma ya kori ji: wanda ya zo ya ga talauci da idonsa zai koma da sabuwar zuciya, ya riƙa bayarwa, wataƙila ma ya dawo ya zauna. Hakan na faruwa. Akwai 'yan mishan da suka yi shekaru a Jos ko Galmi ta Nijar waɗanda da gajeriyar ziyara suka fara. Amma in babbar ribar tafiyar ita ce gyaran zuciyar matafiyi, to a kira ta da sunanta, a ce ziyarar koyo ce, a zo a matsayin ɗalibi, a zauna a saurara. Ƙauyen Inna ba aji ba ne da za a koyi tausayi a jikin mutanensa.

Akwai kuma aikin da gajeriyar tafiya ta dace da shi sarai. Likitan ido da zai zo ya yi mako biyu yana cire yanar ido a asibiti tsayayye, irin asibitin ido na ECWA da ke Kano, inda akwai ma'aikatan da za su duba majinyaci bayan ya tafi, wannan alheri ne tsantsa. Haka ƙwararren da zai zo ya koya wa ma'aikatanmu wata dabara, ko ya gyara na'urar da ta shekara a lalace. Bambancin a bayyane yake: aiki ne mai farko da ƙarshe, gwani ne ya yi shi, 'yan gida ne suka nema, kuma akwai hannun da zai karɓa.

Sai batun da ya fi nauyi a gari irin namu. Zariya gari ne da Musulmi da Kirista suke cin kasuwa ɗaya, wani lokaci ma tsatso ɗaya, don ni kaina ina da 'yan'uwa Musulmi da muke haɗuwa a biki da makoki. Zaman nan ba kyauta aka same shi ba. Manyanmu ba su manta 1987 ba, lokacin da rikicin Kafanchan ya iso nan aka ƙona majami'u. Arewa kuma ba ta manta 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, 11 suka mutu. Waɗannan ba 'yan mishan ba ne, amma tabon da suka bari ya shafi duk wani baƙo mai ɗauke da akwatin magani, yana kuma cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. Baƙon da ya sauka yau bai san a kan wannan ƙasa yake taka ƙafa ba.

A kwanakin da baƙin nan suka yi a wurinmu, tsarin da aka yi shi ne sai mutum ya bi ta ɗakin addu'a kafin ya isa teburin magani. Ni ne a tsakiya ina juya magana. Za a tambayi dattijo ko ya karɓi abin da aka gaya masa, ya dube ni, ya dubi layin magani, ya ce, "To, madalla." Sai a rubuta. Wanda ya san Bahaushe ya san wannan "to" ɗin. Kara ce. Ba a kunyata baƙo, balle baƙon da ya zo da alheri, balle kuma kana jiran ya duba maka jikanka. Na yi ƙoƙarin bayyana wa shugaban ayarin da daddare, ya saurare ni da ladabi, amma na lura adadin ya riga ya shiga rahoto. Ni mai bi ne, na gaskata da bishara, ba na jin kunyar shaida ta ga kowa. Don haka ne ma abin ya dame ni. Bangaskiyar da aka karɓo a bakin layin magani ba bangaskiya ba ce, kuma mai ciwo ba ya cikin halin da zai ce a'a. A ba shi maganinsa hannu sake. In ya ga halinka ya tambaye ka dalili, ga ƙofa ta buɗe da kanta. Bayan sun tafi, wani abokina Musulmi da muka yi firamare tare ya tare ni a Tudun Wada ya ce, "Malam, ashe maganin naku da sharaɗi yake?" Baƙin ba su ji wannan tambayar ba. Ni na ji ta, kuma ni zan ci gaba da zama da mai ita.

Hoto ma haka. Wata yarinya cikin ayarin ta ga wani yaro tsirara, ciki a kumbure, majina a hanci, ta ɗaga waya. Uban ya taso da sauri ya ce mini, "Ɗan'uwa, gaya mata ta dakata a wanke shi a sa masa rigar sallarsa." Kafin in gama juyawa an riga an ɗauka. Mutumin nan bai san Facebook ba, amma ya san mutunci, ya san ba a nuna ɗa a haka. Wanda muke bi ya ce in za ka yi sadaka, kada hagunka ta san abin da damanka ke yi. Wannan ciwon kuwa ba na Turawa kaɗai ba ne. Duk wanda ya ga yadda ake jera mabuƙata da buhun shinkafa a gaba ana ɗaukar su, ko a Kirsimeti ko a azumi, ya san ya zama ruwan dare.

In na tsaya a kan baƙi ban yi adalci ba, domin rabin laifin namu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu ba ma faɗa. In wasiƙa ta zo cewa ga baƙi nan tafe, sai murna, a share gida, a yanka kaji. Duk abin da suka ce za su yi, sai mu ce ya yi kyau, don kada a ɓata musu rai su karkata wani wuri. Mun san rijiyar burtsatsen da aka haƙa bara ta tsaya saboda ba a koya wa kowa gyaranta ba, ba a kuma ajiye ko sisi don kayan gyara ba, amma in sun tambaya sai mu ce ana nan ana godiya. Akwai shugabannin da zuwan Bature ya zame musu ado, akwai masu kai baƙi gidan da ya fi kowane lalacewa don zuciya ta karye aljihu ya buɗe. Mu kanmu kuma mun kwaikwayi salon. Matasanmu sukan cika mota da gwanjo su nufi ƙauyukan Maguzawa ko su tsallaka Nijar, a yi kwana uku ana waƙa, a dawo a ba da rahoto ranar Lahadi. Mai bisharar da ke zaune a ƙauyen shekara da shekaru, wanda 'ya'yansa ke shan ruwan da mutanen ke sha, wata uku bai ga albashinsa ba, kuɗin man motar nan kuwa ya isa ya biya shi.

Ina yawan komawa ga misalin Basamariyen nan da ya tarar da mutum kwance a hanyar Yariko. Shi ma matafiyi ne, kwana ɗaya kawai ya yi a wurin. Mun fi riƙe farkon labarin, inda ya ɗaure raunuka. Ƙarshensa ne ya fi ba ni tunani: ya kai mutumin masauki, ya danƙa shi a hannun mai masaukin, wato ɗan gari mai zama, ya ba shi dinari biyu, ya ce ya kula da shi, duk abin da ya kashe fiye da haka zai biya in ya dawo. Ya san ba shi zai ƙarasa jinyar ba, sai ya nemi wanda zai ƙarasa, ya ba shi abin aiki, ya kuma ɗaure kansa da alkawarin dawowa. Da Ubangiji ya aiki almajiransa bibbiyu kuwa, cewa ya yi kada su ɗauki jaka, su ci abin da aka sa a gabansu. Hannu wofi suka tafi, su ne mabuƙata a gidan da suka sauka. Mu mun juya abin: mai zuwa ne ke da komai, mai gida ba shi da abin bayarwa sai godiya.

A bana wata wasiƙar ta sake zuwa, ayari na son dawowa, mutum goma sha shida. Da dattawan ikilisiya suka zauna na nemi izini na yi magana, na ajiye ledar Inna a kan tebur. An yi ja-in-ja sosai. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce, "Ɗana, ba a gindaya wa mai kyauta sharaɗi. In suka yi fushi fa?" Na ce, "Baba, in aboki ne zai ji. Mun fi shekara biyar muna ce musu komai lafiya, ba mu yi musu adalci ba." Daga bisani aka yarda aka rubuta amsa. Muka ce muna maraba da su, amma su zo su uku ko huɗu, waɗanda ke da takardar aiki da izinin hukuma. Su yi aiki a ƙarƙashin ma'aikatan asibitin da ke kusa da ƙauyen, kati ya zauna a nan. Kuɗin tikitin sauran a sa shi a maganin shekara guda na masu hawan jini da suga, da albashin ma'aikaciyar lafiya 'yar yankin da za ta riƙa zagayawa, don tikitin mutum ɗaya ya fi abin da take samu a shekara. Addu'a ga mai so, bayan ya karɓi maganinsa. Hoto sai da yardar mai shi. Muka ƙara da cewa in akwai wanda zai iya zama wata shida ya koyi gaisuwa da cin tuwo da hannu, ɗaki na nan.

Wasiƙar ta tafi mako biyar ke nan, muna jira. Inna kuwa tana zuwa duk farkon wata, jikanta ke kawo ta a babur. Zumuntar mata ce ta ɗauki nauyin maganinta daga baikon da suke tarawa ranar Alhamis, ita da wasu tsofaffi shida, huɗu a cikinsu Musulmi. Ranar Litinin da ta wuce na auna ta, jinin ya sauka. Ta ninke sabuwar ledar ta ɗaure a bakin zani, ta ce in gaida mutanen gida.